Ƙazuwar Ƙafar Kaji: Ƙwaron da Ke Haddasa Ta, Alamominta da Maganinta

Da wuya a shiga ƙauye a ƙasar Hausa, ko wata unguwa a birni inda ake kiwon kajin gida, a rasa tsohuwar kaza ko tsohon zakara mai kaushin ƙafa. Za a ga ƙwaurin ya yi kauri, ya yi fari-fari kamar an tsoma shi cikin kwaɓaɓɓen siminti an bar shi ya bushe, ɓawon da ke rufe da shi kuma ya ɗaɗɗaga maimakon ya kwanta. Idan aka tambayi mai kazar sai ta ce ai tsufa ne, wani kuma ya ce faso ne irin wanda hunturu ke sa wa mutum a diddige. Tsufa yana da nasa rabon a cikin lamarin, kamar yadda za mu gani nan gaba, amma ba shi ne musabbabi ba. Abin da ke jawo wannan kaushi wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya iya gani, wanda ke haƙa rami ya zauna a ƙarƙashin ɓawon ƙafar, a nan yake ci, a nan yake haihuwa, a nan kuma yake mutuwa.

Cutar ba ta kashe kaji farat ɗaya kamar yadda fakat ke share akurki cikin mako guda, shi ya sa ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. Sai dai ya kamata mai karatu ya tuna cewa kazar gida da ƙafarta take neman abinci. Ba a zuba mata abinci a mazubi safe da yamma kamar kazar gidan gona. Ita ce ke fita ta yi tono a bola da gindin danga da bakin rariya. Ranar da ƙafar ta kasa, ranar cikinta ya fara zama wayam. Ga shi kuwa a yawancin gidajenmu kaza ita ce asusun mata da yara: ita ake kamawa a sayar in an kori yaro daga makaranta saboda kuɗin littafi, ita ake yankawa in baƙo ya sauka.

Wane ne wannan ƙwaro?

Masana ilimin halittu suna kiran sa Knemidocoptes mutans. Wasu likitoci biyu na Faransa, Robin da Lanquetin, su ne suka fara bayyana siffarsa a rubuce a shekarar 1859. Kashin farko na sunan daga Girkanci aka ɗauko shi, ma'anarsa kuwa ta haɗa ƙwauri da yanka, na biyun kuma Latinanci ne, yana nufin mai sauyawa. Jamusawa suna kiran cutar da sunan da za a iya fassarawa da "ƙafar farar ƙasa", wanda duk ya taɓa ganin ƙafar da ta kamu sosai zai yarda sunan ya dace.

Mun ce masa ƙwaro ne don haka harshe ya saba, amma a rabe-raben masana ba ya cikin dangin ƙuda da sauro da ƙwarƙwata, waɗanda ke da ƙafafu shida. Danginsa su ne kaska da gizo-gizo da kunama, masu ƙafafu takwas. Cikin danginsa na kusa akwai Sarcoptes scabiei, ƙwaron da ke sa wa mutum ƙazuwa, kuma salon rayuwarsu ya yi kama ainun, domin duka biyun rami suke haƙawa a cikin fata. Wannan ne dalilin da ya sa muka zaɓi mu kira cutar ƙazuwar ƙafar kaji a wannan maƙala.

Tamatar ita ce babba, faɗinta bai kai rabin milimita ba ko kuwa ya tsaya daidai nan, namijin kuma kusan rabin girmanta ne. In aka duba ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wato maikuroskof, sai a ga wata halitta kewayayyiya kamar ƙwallo, da 'yan gajerun ƙafafu waɗanda da ƙyar suka leƙo daga gefen jikinta. Ba ta da buƙatar dogayen ƙafafu, tun da ba tafiya za ta yi mai nisa ba.

Abubuwa biyu game da rayuwar wannan ƙwaro sun cancanci a tsaya a kansu, domin a kansu magani ya dogara. Na farko, tamatar ba ta zuba ƙwai a waje. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa tun yana cikinta, sai ta haifi ɗan tsutsa mai ƙafafu shida a cikin ramin da ta haƙa. Wannan ɗan yakan yi saɓa, ya fito da ƙafafu takwas, ya sake saɓa har ya balaga, duka a jikin kazar, cikin kimanin mako biyu zuwa uku. Ke nan ƙwaron ba ya da wani zango na rayuwa da yake yi a ƙasa ko a bango, kuma in ya rabu da jikin tsuntsu ba ya daɗewa yake mutuwa. Na biyu, yana cikin rukunin da ba su da ƙofofin shaƙar iska a jiki irin waɗanda kaska ke da su. Ta fatar jikinsa iska ke ratsawa ta shiga. Duk abin da ya lulluɓe wannan fata ya hana iska isa gare ta, to ya shaƙe shi. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda ƙafar ke lalacewa

Ƙafar kaza mai lafiya, daga gwiwa zuwa yatsu, a rufe take da ɓawo mai santsi da sheƙi, kowane ɗaya ya ɗan hau kan na ƙasa da shi kamar jerin kwanon rufi. Wannan ɓawo da sinadarin keratin aka gina shi, wato irin abin da ya yi farcen mutum da ƙahon saniya. Ƙwaron yakan shiga ta ƙarƙashin bakin ɓawon, galibi daga wajen yatsu, ya fara haƙa a cikin fatar da ke ƙasa.

Jikin kaza ba ya zuba ido. Fatar da ake ci tana kumbura, tana tsattsafo da wani ruwa, sa'an nan tana ƙara yawan keratin da take ginawa don ta kare kanta. Ruwan nan yakan haɗu da matacciyar fata da kashin ƙwaron da saɓarsa, su bushe su zama wani farin gari mai kama da alli. Garin yana taruwa a ƙarƙashin ɓawon yana tura shi sama, shi ya sa ake ganin ɓawon ya ɗaga. Da tafiya ta yi nisa sai tarin ya daskare ya zama ɓamɓaroki mai kauri, wanda in aka ɓalle shi aka duba cikinsa za a ga 'yan ramuka birjik kamar saƙar zuma. A cikin ramukan nan ƙwarin suke. Wato mafi yawan abin da ido ke gani a ƙafar aikin jikin kazar ne da kansa, martanin da yake mayarwa ne ya wuce kima.

Lamarin a hankali yake tafiya, watanni yake ɗauka. Da fari kazar ba ta nuna komai in ban da ɗan tsattsagar ƙafa da baki saboda ƙaiƙayi. Daga baya sai a ga tana yawan tsayawa da ƙafa ɗaya, tana ɗingishi, tana kwanciya lokacin da 'yan'uwanta ke kiwo. Ɓamɓarokin yakan tsage a wajen gaɓoɓi, jini ya fito, ƙwayoyin cuta na bakteriya su samu ƙofa, gaɓar ta kumbura ta yi ruwa. Mafi muni shi ne in tarin ya kewaye yatsa ya matse shi kamar zobe: jini ya daina isa, yatsan ya yi baƙi, ya bushe, ya guntule. Yatsan da ya faɗi kuwa ba ya sake tsirowa. Kazar da ta kai wannan hali takan rame, ta rage ƙwai ko ta daina. Kazar gida da ma abin da take yi a shekara bai cika wuce ƙwai 30 zuwa 60 ba, don haka ko kaɗan aka rasa an ji a jiki. Zakaran da ƙafarsa ke ciwo shi ma ba ya iya bin kaji yadda ya kamata, sai a yi ta samun ƙwan da ba ya ƙyanƙyashewa ana ɗora wa kazar laifi. A wasu lokuta ƙwaron yakan kai har ga zanko da fatar wuya.

Me ya sa kajin gida, me ya sa tsofaffi?

Ƙwaron daga jiki zuwa jiki yake yaɗuwa. Kajin da ke kwana a cunkushe a akurki ɗaya, ƙafa na gugar ƙafa, ko suke jeruwa a kan sanda ɗaya, su ne ke ba juna. Ɓamɓarokin da ya faɗo a shimfiɗar akurki yana ɗauke da ƙwari masu rai na ɗan lokaci, wata kazar ta taka ta ɗauka. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce daga uwa zuwa 'ya'ya, domin 'yan tsaki suna kwana a ƙarƙashin uwarsu, a tsakanin ƙafafunta, har tsawon makonni. Suna ɗauka tun suna ƙanana, amma alamar ba za ta bayyana ba sai sun girma. A nan ne zancen tsufa ya samo asali: cutar tana buƙatar lokaci kafin ta nuna kanta, saboda haka a jikin wadda ta daɗe a duniya ake ganin ta.

Wannan kuma shi ya bayyana abin da ya sa ba a cika ganin ta a manyan gidajen gona ba. Kajin nama ana yanka su suna da mako shida zuwa takwas, ba su taɓa ganin uwa ba tun da inji ne ya ƙyanƙyashe su, kuma in an kwashe rukuni guda ana wanke ɗakin kafin a zuba wani. A gida kuwa kaka da jika wuri ɗaya suke kwana, ga zabi, ga talotalo, waɗanda su ma suna kamuwa. Masu sha'awar kajin ado irin su Brahma da Silkie, masu gashi har ƙafa, su ƙara sa ido, domin gashin yana ɓoye alamar har sai ta yi nisa.

Tambayar da aka fi yi ita ce ko mutum yana ɗauka. Ba ya ɗauka. Wannan ƙwaro na tsuntsaye ne kawai, ba ya iya rayuwa a fatar ɗan Adam, kuma naman kazar da ƙwanta lafiya lau ne a ci, matuƙar ba a sa mata wani magani mai guba ba. Ƙaiƙayin da mutum ke ji bayan ya shiga akurki aikin wasu ƙwarin ne dabam masu shan jini, waɗanda ke yawo a gashin kaza da sheƙarta.

Gane cutar

A kama kazar da yamma bayan ta shiga akurki, lokacin da ba ta da gardama, a haska ƙafar da tocila. A shafa yatsa daga gwiwa zuwa ƙasa, sa'an nan a dawo daga ƙasa zuwa sama. Ƙafa mai lafiya santsi za a ji. In aka ji kaushi, bakin ɓawon yana kama yatsa, a duba ƙarƙashinsa: in akwai farin gari kamar alli, to ita ce. Yawanci ƙafafun biyu ne ke kamuwa, ko da ɗaya ta fi ɗaya. Zakaran da ya tsufa ɓawonsa yakan yi kauri ya dushe, amma yana nan a kwance, babu gari a ƙarƙashinsa.

Akwai abubuwan da ake rikita su da ita, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Kumburin tafin ƙafa, wanda ake ganin wani baƙin tabo a tsakiyarsa, ƙurji ne da bakteriya ta haddasa bayan ƙaya ko ƙusa ta soki kazar. Yana ƙasan ƙafa, ɓawon ƙwauri kuwa lafiyarsa ƙalau. Cutar ƙuraje ta kaji, wadda sauro ke yaɗawa, ta fi fitowa a zanko da kewayen ido, ko da yake takan taɓa ƙafa, kuma ƙurajenta ɗaiɗai suke kamar kaska ta lafe. Ƙuma kuma gungu take yi a fuska, baƙi ƙirin a gefen ido. Sai wani abu da ya yawaita a zamanin nan, wato zaren buhu ko gashin kanti na kitso da aka zubar a bola ya naɗe yatsan kaza ya shige cikin nama. Shi ma yana guntule yatsa, kuma ba mai ko allurar da za ta yi maganinsa sai an sa reza ko almakashi an yanke zaren. Kafin a ce ƙazuwa ce, a duba wannan tukuna.

Tabbaci na ƙarshe a ɗakin bincike ake samun sa, kuma aiki ne mai sauƙi da ɗalibin shekarar farko zai iya. A kankaro ɗan garin daga ƙarƙashin ɓawo, a ɗora a kan gilashi, a ɗiga masa ruwan sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, a ɗan ɗumama. Sinadarin zai narkar da keratin ya bar ƙwarin, sai a gan su a fili ko da ƙaramin ƙarfin maikuroskof. Asibitocin dabbobi na jami'o'inmu da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom suna irin wannan gwaji. Amma gaskiyar magana, ƙafar da ta nuna alamomin da muka zayyana ba ta buƙatar a jira sakamakon gwaji kafin a fara magani.

Magani

Maganin da ya fi dacewa da mai kaji biyar ko goma yana cikin ɗakinta. Abin da ake buƙata shi ne ruwan ɗumi, da sabulu, da tsohon burushin goge haƙora, da tsumma, da mai.

A zuba ruwan ɗumi a roba, ɗuminsa kamar na wankan jariri, a sa sabulu kaɗan. A riƙe kazar a tsoma ƙafafunta har gwiwa na minti goma zuwa goma sha biyar, ba tare da an jiƙa gashin cikinta ba. Jiƙon zai tausasa ɓamɓarokin. Sa'an nan a goge a hankali da burushi, abin da ya fita da kansa ya fita, abin da ya ƙi a ƙyale shi. A nan ne mutane da yawa suke ɓata aikin: hannu yana ƙaiƙayin ɓamɓare ɓawon da ya ɗaga, alhali a ƙarƙashinsa ɗanyen nama ne. In aka fizge shi jini zai zuba, an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, sauran kaji kuma da sun ga ja sai su bi ta da sara. Ruwan da aka yi wankin a zubar da shi nesa da inda kaji ke kiwo.

Bayan an tsane ƙafar da tsumma ta bushe, sai a shafa mai. Basilin shi ya fi, domin yana da kauri, yana daɗewa bai goge ba. In babu shi, man kaɗanya yana aiki, haka ma man gyaɗa, sai dai shi man gyaɗa da yake ruwa ne dole a riƙa maimaitawa a kai a kai. Wasu sukan zuba shi a gwangwani su tsoma ƙafar gaba ɗaya na ɗan lokaci, wannan ma daidai ne. Yadda ake shafawar yana da muhimmanci: daga yatsu ake farawa a yi sama, wato a saɓa wa kwanciyar ɓawon, don man ya cusa cikin ƙarƙashinsa inda ramukan suke. Shafawa daga sama zuwa ƙasa kwalliya ce kawai. A bi tsakanin yatsu da bayan ƙwauri, kada a bar wani wuri.

Mai karatu zai tuna cewa ta fata ƙwaron ke shaƙar iska. Man ba guba ba ne, toshe ramukan yake yi ya lulluɓe ƙwarin har su shaƙe, ya kuma tausasa ɓamɓarokin ya riƙa zubewa da kansa. Amma shafa ɗaya ba ta kai wa ga waɗanda suka yi zurfi. Saboda haka a maimaita kullum ko bayan kwana bibbiyu a makon farko, daga nan sau biyu a mako har a cika mako huɗu zuwa shida, yadda za a haye tsawon rayuwar ƙwaron sau biyu. Wankin ruwan ɗumi sau ɗaya a mako ya isa. Da dare ya fi kyau a yi shafar, domin in aka yi da safe kazar za ta fita ƙasa ta manne wa man, kafin azahar ya goge. A lokacin hunturu kuwa a yi wankin da sauran rana, a tabbata ƙafar ta bushe kafin sanyin dare ya sauko.

Wanda ya samu farar wuta, wato sinadarin da ake sayarwa gari ko dunƙule mai launin ɗorawa, zai iya ƙara wa man ƙarfi. A daka ta ta yi laushi, a haɗa awo ɗaya nata da awo tara na basilin, a cuɗa sosai. Farar wuta tsohon maganin ƙazuwa ne, a jikin mutum da na dabba, kuma tana kashe ƙwaron kai tsaye.

Gargaɗi ɗaya game da kaza mai kwanci. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi waɗanda ɗan tsakon da ke ciki ke shaƙar iska ta cikinsu. In mai ya shafi ƙwan ya toshe su, abin da ya sami ƙwaron shi zai sami ɗan tsakon. Kazar da ke kan ƙwai a dakata mata har ta cika kwana 21 ɗinta ta ƙyanƙyashe, sa'an nan a fara, a riƙa shafawa kaɗan-kaɗan yadda ba zai jiƙe gashin 'yan tsakin ba.

Kuma duk kajin da ke kwana tare za a yi wa, har da waɗanda ƙafarsu ke sheƙi. In aka yi wa mai alama kaɗai aka bar sauran, bayan wata uku za a koma gidan jiya.

Kada a yi tsammanin ƙafar za ta koma sumul cikin mako biyu. Ƙwarin sukan mutu tun da wuri, amma tsohon ɓawon sai ya zube sabo ya tsiro, wannan kuwa yana cin watanni, wani lokaci har shekara. Alamar nasara ita ce kazar ta daina tsattsagar ƙafa, ɗingishi ya ragu, in aka duba wurin da ɓamɓaroki ya faɗi a ga sabuwar fata mai laushi ba gari. Ƙafar da ta lalace ƙwarai tana iya warkewa amma ta zauna da tabo har abada. In kuwa akwai ruwa ko wari ko gaɓa ta kumbura, ko yatsa ya fara baƙi, abin ya wuce na mai, sai a kai wa likitan dabbobi.

Batun aibamektin

Akwai maganin da ke bi ta jini ya iske ƙwaron har cikin raminsa, shi ne aibamektin. Asalinsa daga wata ƙwayar bakteriya ce ta cikin ƙasa da Satoshi Omura ya samo a Japan, William Campbell da abokan aikinsa a Amurka suka gano ƙarfinta a kan tsutsotsi. Ya shiga kasuwar magungunan dabbobi a 1981, kuma su biyun sun samu kyautar Nobel a 2015 saboda shi. Mutanenmu na bakin koguna sun san shi da sunan Mectizan, wanda aka fara rabawa kyauta tun 1987 don yaƙi da makantar da ƙudan kogi ke jawowa. Aikinsa shi ne ya shanye jijiyoyin ƙwaron har ya kasa motsi da ci.

Yana aiki a kan ƙazuwar ƙafa, babu shakka. Amma bari mu yi ɗan lissafi. Awon da likitoci suka saba bayarwa ga tsuntsu shi ne miligiram 0.2 ga kowane kilo na nauyin jiki, a maimaita bayan kwana goma zuwa mako biyu. Kwalbar da ake sayarwa don shanu da tumaki tana ɗauke da miligiram 10 a kowace mililita. Kazar gida mai kilo ɗaya da rabi ke nan tana buƙatar miligiram 0.3, wato mililita 0.03, abin da bai kai ɗigo ɗaya cikakke ba. Wanda ya zuƙi rabin mililita a sirinji ya danna wa kaza, yana ganin ai kaɗan ne, ya ba ta fiye da ninki goma sha shida na abin da ya kamata. Bugu da ƙari, ba a yi wa maganin rajista don kaji masu ƙwai ba. Yana son kitse, don haka yana taruwa a gwaiduwa ya daɗe yana fita a cikin ƙwai. Likita ne zai auna, shi ne kuma zai faɗi tsawon kwanakin da za a ƙaurace wa ƙwan da naman. A ganina, mai kaji kaɗan da ke cin ƙwansu ba ta da dalilin barin basilin ta koma wa allura, sai fa in cutar ta yi tsanani ko kajin sun yi yawan da shafa ɗaya-ɗaya ba za ta yiwu ba.

Abubuwan da ba a sa wa ƙafar kaza

Baƙin mai da aka juye daga inji da kananzir su ne aka fi ba da shawararsu a bakin kasuwa, har ma wasu tsofaffin littattafan kiwo sun ambace su. Suna kashe ƙwaron, wannan gaskiya ne. Amma kananzir da fetur suna ƙona fatar da da ma a tsage take, baƙin mai kuma cike yake da burbushin ƙarafa masu guba da sinadaran da ke jawo ciwon daji. Kazar tana tsattsagar ƙafarta ta haɗiye, sauran ya ratsa ta miki ya shiga jini, ƙarshensa ya isa ga ƙwan da za a soya wa yaro. Tun da basilin na naira kaɗan yana yin aikin da baƙin mai ke yi, ban ga hujjar ɗaukar wannan kasada ba.

Haka nan fiya-fiya da sauran magungunan feshin gona. Gamalin, wanda iyayenmu suka sani, sinadarin da ke cikinsa ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta tun 2009, duk kwalbar da aka gani yanzu a kasuwa abin gudu ce. Wanda yake ganin wannan tsoro ya yi yawa ya tuna abin da ya faru a Turai a 2017, lokacin da aka gano an yi amfani da sinadarin fifronil wajen feshin ƙwarin kaji a gidajen gona na Holan da Beljiyam. Sai da aka janye miliyoyin ƙwai daga kantuna a ƙasashe da dama, aka rufe gonaki masu yawa. Can akwai masu gwada ƙwai kafin ya kai bakin mai ci. Ƙwan da kazar tsakar gida ta yi kuwa daga sheƙa sai tukunya.

Akurki da baƙuwar kaza

Da yake ƙwaron ba ya daɗewa in ya bar jiki, aikin akurki a nan bai kai wahalar na kaskar kaji ba, wadda ke ɓuya a tsagar bango ta yi shekaru ba ta ci ba. A ranar da aka fara magani a share akurkin tas, a ƙone shimfiɗar da tsohuwar sheƙa, a kankare sandunan da kaji ke hawa a shafe su da mai ko a sauya sababbi. Akurkin kara ko na kwando a fitar da shi ya sha rana. Na ƙasa kuma a zuba masa tafasasshen ruwa, in ya bushe a liƙe tsagoginsa a shafe da farar ƙasa. A maimaita sharar kowane mako har a gama magani. A tanadar wa kajin wani busasshen wuri mai rairayi da toka inda za su riƙa birgima. Wannan ya fi taimakawa wajen ƙwarƙwata da ƙwarin gashi, amma kazar da ba a shan jininta ta fi saurin warkewa. Ɗanyen ganye irin su zogale yana ba ta bitamin A, wanda fata ke buƙata wajen sabunta kanta.

Mafi yawan lokuta da kuɗinsa mutum yake sayo cutar. Ana duba nauyin kaza a kasuwa, a busa gashin ƙirjinta, a buɗa bakinta, amma ba a cika duba ƙafa ba, balle da yake a ɗaure take da igiya. A kwance igiyar a shafa ƙwaurin kafin a biya, musamman a kasuwar gab da salla inda ake tara kaji daga ƙauyuka dabam-dabam a kwando ɗaya. Wadda aka saya don kiwo a ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta haɗu da na gida, wannan zai kare su daga fakat ma. Amma tun da ƙazuwar ƙafa takan yi watanni ba ta nuna alama ba, warewar kaɗai ba ta isa ba. A shafa wa baƙuwar basilin sau biyu a mako a tsawon zaman da za ta yi ita kaɗai, ko da ƙafarta tana sheƙi, haka kuma za a yi wa zakaran da aka aro daga maƙwabta.